Ciwon Ƙaramar Shekara

Mutanen layinmu a Unguwar Dosa sun ɗauka tun da na yi ritaya na koma ga Allah gaba ɗaya. Da an sallame la'asar ba a sake ganina a majalisa sai magariba, kuma duk wanda ya yi sallama sai yara su ce masa, "Baba yana ciki, yana duba abu." Mutum ya juya cike da girmamawa, yana zaton muraja'a nake yi. Har liman ya taɓa yaba mini a gaban jama'a, ya ce a yi koyi da ni. Ban musa ba, Allah ya yafe mini. Abin da nake yi a wannan lokacin shi ne zama a bakin taga, na runtse ido ɗaya, na manna gilashin masu gyaran agogo a ɗayan, ina auna tsawon lamba tara a jikin kwabon da ko barkono ba zai saya ba.

Daga adakar mahaifiyata abin ya taso. Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, da aka zo rabon 'yan komatsai, ƙannena mata suka kwashi tasoshi da zannuwa, ni kuma aka miƙo mini wani ƙullin tsumma da kowa ya tsallake. Na kwance, sai ga kwabbai masu huji an zura su a zare kamar carbi, da 'yan aninai, da taro guda biyu. Da kuɗin nan na girma. Kwabo ake ba ni in sayi ƙosai a hanyar makaranta, har zuwa 1 ga Janairun 1973 da naira ta zo ta kori fam da sule. Yaran yanzu sun gaji sunayen, ƙarfen ne ba su gada ba. Za ka ji yaro ya rantse ba shi da ko sisi, bai san sisi kwabo shida ba ne, taro uku, sule sha biyu, ɗari rabin kwabo, anini kuwa sai ka tara goma kafin su haɗa kwabo ɗaya.

Shekarar farko lafiya ƙalau nake, har ma na ƙaru. Na san cewa a 1907 aka fara buga anini, lokacin Turawa suna Zungeru, shekara goma kafin hedikwatar Arewa ta dawo Kaduna. Da alminiyam aka yi ta da farko, ba ta jure ƙasarmu ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Na san cewa daga 1912 hukuma ɗaya ce ke kula da kuɗin Najeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da yanzu ake kira Gana, don haka kwabon da aka sayi goro da shi a Kumasi yana iya kwana a aljihun wani a Kawo. Tauraro mai kusurwa shida da ke bayansa, wanda tsofaffi ke kira hatimin Annabi Sulaimanu, shi ne dai a tutar Najeriya ta zamanin Lugga. A gabansa ga kambin sarauta a saman hujin, ga rubutu da haruffan Larabci a ƙasa. Da na tsaya a nan da mutuncina ya tsira. Da na zama tsohon da ke kai jikokinsa gidan tarihi na titin Ali Akilu yana yi musu bayani suna hamma.

To amma ido ba ya ƙoshi. Wata rana na hangi wasu 'yan mitsi-mitsin haruffa kusa da hujin wani kwabo: KN. Na duba wani, na ga H. Wasu kuma ba su da komai. A daren na yanke hukunci, washegari na kai majalisa. Na ce musu Turawa sun taɓa buga kuɗi a Kano, ga shaida a hannuna, KN kamar yadda take a tsohuwar lambar mota. Wani ya tambayi H fa, na ce Haɗeja, ko gezau ban yi ba. Wani Bakano da ke cikinmu ya yi mako guda yana taƙama, ni kuwa na yi wata biyu ina neman mai KD, don kishin garina ya hana ni yarda a ce an tsallake Kaduna. Daga baya na karanta cewa H ta masana'antar Heaton ce, KN kuma King's Norton, duka biyun a Birmingham ta Ingila, marasa harafi kuma daga babbar maƙerar kuɗi ta gwamnatin Ingila suke. Har yau ban koma majalisa na gyara maganar ba. Bakanon ya rasu da imaninsa, kuma ina ganin ban cuce shi ba.

Karo na biyu ya fi ciwo, don shi da lissafin kuɗi a ciki. Na tsinci kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun shekarar ya sauka a Disamba saboda matar da ya nace sai ya aura. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. A nan kuwa an sake shi, domin kwabonmu huji ne a tsakiyarsa, babu hoton sarki, suna kawai ake sauyawa. Da na gane haka sai barci ya ƙaurace mini. Sarkin da bai cika shekara ba, kuɗinsa a hannuna! Na naɗe shi a auduga, na sa a kwalbar turare, na ɓoye a bayan littattafai. Ban san miliyoyi aka buga ba. A cikin wata shida na ƙara samun guda tara, uku daga ciki a hannun wata mai tallar nono da ta yi wa 'yarta ado da su a kitso.

Duk wannan share fage ne. Ciwon gaske ɗana ne ya kawo mini shi, a wayarsa, da kyakkyawar niyya. Ya ce, "Baba, ga irinku a Amurka." Ya nuna mini hotunan kwabonsu, wannan ja mai kan Abraham Lincoln da suke kira senti. Hoto biyu ne gefe da gefe, duka 1960, ni a idona babu bambanci. Ya ce in sake dubawa. Ashe a ɗaya kan lamba 1 da kan 9 sun yi daidai kamar tagwaye, sifirin kuma siriri ne. A ɗayan 9 ta ɗan zarce 1, wutsiyar 6 ta miƙe, sifirin ya buɗe baki. Na farkon shi suke kira mai ƙaramar shekara, na biyun mai babbar shekara. A farkon shekarar aka buga ƙaramar, sai aka sauya ƙarfen bugun aka ƙara wa lambobin girma, don haka wadda aka fara bugawa a Filadelfiya ta yi ƙaranci, masu tarawa suka bi ta da kuɗi. Haka aka sake yi a 1970 a maƙerar San Faransisko: a ƙaramar, kan 7 yana sahu ɗaya da 'yan'uwansa, a babbar kuma ya ɗan sunkuya. Ingilawa ma suna da nasu tun zamanin Sarauniya Biktoriya, peni mai matsattsiyar shekara da mai sakakkiya, kuma matsattsiyar ta 1877 tana cikin waɗanda ake wa rububi.

Ɗana ya karɓi wayarsa ya tafi harkarsa, ya manta. Ni ban manta ba. Tunanin da ya shige ni shi ne: ashe arziki yana iya ɓuya a cikin tazarar da ba ta kai kaurin gashin gira ba, kuma duk duniya na wucewa ba ta gani. Wane ne zai gani? Mai haƙuri, mai lura, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana duba fayil a ma'aikatar gwamnati. Wato ni.

Babu wanda ya taɓa ce mini kwabon Najeriya na 1959, wanda Babban Banki ya fara fitarwa, yana da ƙarama da babba. Ni na yanke wa kaina cewa dole akwai, Turawa ne kawai ba su lura ba, kuma sunana ne zai shiga littafi. Ina da guda goma sha ɗaya. Na jera su a faranti, na sayi gilashin nan a wajen wani mai gyaran agogo a titin Ahmadu Bello, na fara aiki. Daren farko na gano cewa na huɗu ƙaramar shekara ne. Da safe, a hasken rana, ya koma babba, na bakwai ne ya ƙanƙance. Da aka ɗauke wuta na kunna fitilar caji, sai guda uku suka ƙanƙance a lokaci ɗaya. Na sami littafin rubutu na yara na ja layi, ina rubuta sakamakon kowane dare kamar mai duba wata.

Yanzu na san dalili, kuma a lokacin ma wani ɓangare na zuciyata ya sani. Kwabon da ya sha hannu shekara da shekaru lambobinsa kan baje su yi faɗi. Wanda datti ya cika wa lungu lambobinsa kan tsuke. Haske in ya zo ta hagu inuwa ta ƙara wa lamba tsawo, in ya zo ta sama ya rage mata. Amma babban dalilin ba ya jikin kwabon. Duk ranar da fansho ya makara, na lura, ƙananan shekaru sun fi yawa a farantina.

A nan ne na tafka ta'asar da har yanzu nake jin kunyarta. Don in kawar da shakkar datti, na samo toka da lemun tsami na dirje kwabban mahaifiyata tas, har suna ɗaukar ido kamar tasar amarya. Na yi alfahari da aikina kwana biyu, kafin na karanta cewa a wajen masu tara tsoffin kuɗi babu laifin da ya kai wannan. Baƙin da shekaru suka shafa wa ƙarfe shi ne darajarsa, wanda aka goge kuwa ya zama bazawara. Da hannuna na kankare shekara sittin na zufar tafin uwata, don in ga ko wutsiyar tara ta kai ko ba ta kai ba.

Kafin nan sunana ya riga ya zaga. 'Yan jari bola da ke bin layinmu da kura suna kirana Baba Mai Kwabo. A tsohuwar Panteka, da na doso, sai in ga yara suna taɓa juna, farashin gwangwanin tarkace ya ninka kafin in yi sallama. Ran Talata ina kasuwar Kawo, ina tsugune gaban masu baza tsoffin makullai da cokula. Jama'a ba su yarda cewa mutum mai hankali zai sayi kuɗin da ba ya saye don kallo kawai ba, saboda haka suka ƙulla mini labari: wai na san wani Bature da ke cire wani sinadari daga kwabo mai huji, irin zancen da 'yan damfara suka daɗe suna yi a kan tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. Wani mutum ya biyo ni har ƙofar gida yana roƙon in haɗa shi da Baturen, za mu raba. Na rantse masa babu wani Bature. Ya ce, "Haka ne, Alhaji, ai ba a faɗa." Ya tafi yana ƙara girmama ni.

Sau ɗaya tak ilimina ya yi mini rana. Wani ya kawo mini dalar azurfa mai hoton Mariya Tariza, irin wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa kafin kuɗin Turawa, ya nuna mini 1780 a jiki, ya ce ta haura shekara ɗari biyu da arba'in. Na gyara zama na gaya masa cewa a 1780 matar ta rasu, kuma duk dalar da aka ci gaba da bugawa bayanta wannan shekarar ake sa mata, ko da jiya aka buga. Ya tattara kayarsa. Na yi kwana uku ina ba matata Hajiya labarin, har ta ce, "Malam, na ji. Ka ci nasara a kan mutum ɗaya. Gwangwanayen da ke ƙarƙashin gado fa, su wa ya ci nasara a kan wa?"

Sai ɗan ƙanwata ya dawo daga karatu a Amurka. Kowa ya faɗi tsarabar da yake so, ni na ce ya tattaro mini duk jajayen kwabban da ke aljihunsa da na abokansa. Ya kawo cike da safa ɗaya, yana dariya, ya ce, "Kawu, can ko a ƙasa aka gani ba a sunkuyawa." 'Yan canji ma ba sa karɓarsu. Na rufe ƙofa na zazzage a tabarma.

Shekarar 1982 nake nema, kuma ga dalili. A shekarar ce tagulla ta yi tsadar da kwabon Amurka ya kusa fin ƙimarsa tsada wajen bugawa, sai gwamnati ta koma yin sa da tutiya a shafa masa tagulla a sama. Na tagulla yana da nauyin giram 3.1, na tutiya 2.5. A cikin shekarar kuma aka sauya lambobin, aka samu babba da ƙarama. A babbar, wuyan lamba 2 a miƙe yake kuma ta matso bakin kwabon. A ƙaramar wuyan ya lanƙwasa, ta ja baya kaɗan, kan 8 kuma ya fi gindinta ƙanƙanta sosai. Maƙerar Denba, mai sa harafin D a ƙarƙashin shekara, bai kamata ta buga ƙaramar shekara a kan tagulla ba sam. Amma a 2016 wani mutum ya tsinci guda ɗaya, aka sayar da shi a gwanjo a 2017 sama da dala 18,000.

A cikin safar nan akwai 1982 mai D guda biyu.

Ba zan ɓoye ba, hannuna rawa yake. Na ɗora gilashi a na farko: wuyan 2 a lanƙwashe. Na ɗora a na biyu: shi ma, in an karkata shi ta wajen taga aka ɗan riƙe numfashi, a lanƙwashe. Kafin isha'i na canza dalar a kaina da farashin bayan fage, na sauya rufin gida, na biya mana Umara ni da Hajiya, na saya wa liman sabuwar lasifika don in wanke zunubin yabon da ya yi mini. Ragowar na rasa yadda zan yi da su, har abin ya ɗan dame ni.

Da safe na shiga Keke Napep zuwa kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wajen masu sayar da zinari, don su ne ke da sikelin da ke jin nauyin ƙwayar gero. Yaron shagon ya ga dattijo da babbar riga yana kwance ƙullin hankici a hankali, ya miƙe tsaye ya ba ni kujera. Da ya ga abin da ya fito, ya dube ni, ya dubi maigidansa, ya danne abin da ya taso masa. Tarbiyya ta yi rana. Ya ɗora na farko: 2.5. Tutiya ce, irin wadda aka buga ba adadi. Ya ɗora na biyu: 3.1. Tagulla!

Na ce ya sake aunawa. Ya sake, 3.1. Na ji kasuwar ta yi shiru, ko kuma kunnena ne ya toshe. Na ba yaron kuɗin goro fiye da ƙimar duk abin da ke cikin safar, na dawo gida ban ko tsaya cinikin Keke ba.

Jikata ce ta tare ni a tsakar gida, 'yar aji huɗu, wadda nake kira amarya tana kirana tsohon miji. Na ce ta zo ta ga abin da zai sa in sake mata lefe. Na nuna mata hotunan a waya, na yi mata bayanin wuyan 2, na miƙa mata gilashin. Ta ture shi, ta ce ba ta buƙata. Ta ɗaga kwabon tagullar da yatsu biyu, ta kalle shi kamar daƙiƙa uku.

"Wannan ai irin na hoton dama ne. Mai miƙaƙƙen wuya."

Na ce ta karkata shi ta wajen haske.

"Ko na kai shi rana, tsoho, a miƙe yake. Wancan ne mai lanƙwasa." Ta nuna na tutiyar. Ta ajiye mini su a tafin hannu, ta ce in ba ta naira ɗari ta sayi alawa tun da lefen ya fasa.

Na zauna a kan turmi na sake dubawa. A miƙe yake. Ko makaho ya shafa zai ce a miƙe yake. Ƙaramar shekarar tana kan tutiya, tagullar tana ɗauke da babbar shekara. Allah ya ba ni arzikin nan cif, sai dai ya raba mini shi a kan kwabo biyu, kuma babu maƙerin da zai haɗa. Hajiya tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, a sauke mu a Jidda ko a Madina?" Ashe da daddare a cikin barci na yi ta lissafin da ƙarfi.

Ita ce ta matsa aka kai ni asibitin ido bayan sati biyu, don ta gaji da karanta mini takardar magani da lambar katin waya. Likitar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta rufe mini idon hagu ta ce in karanta allon da ke bango. Na karanta babban harafin sama da ƙarfin gwiwa. Layi na biyu na yi canki-canki. Na uku na ce mata allon ya sha hannu, lambobinsa sun baje. Ta haska idon ta ce, "Baba, yana ce ta fara rufe wannan na daman. Da wanne kake karatu?" Na ce da shi. Da shi na gano KN ta Kano, da shi na ga ƙananan shekaru goma sha ɗaya a faranti ɗaya, da shi na yi shekara huɗu ina yanke hukunci a kan abin da bai kai kaurin gashi ba. Ban gaya mata wannan ba. Na ce mata dai ina yawan duba abu bayan la'asar, ta ce Allah ya ƙara wa Baba ilimi.

An sa ranar aiki bayan Sallah. Na yi wa Hajiya alkawari a gaban yara cewa na daina, na miƙa mata gilashin da hannuna, yanzu da shi take zura zare a allura. Gwangwanayen an mayar da su ɗakin ajiya, an ɗora buhun masara a kai. Littafin sakamakon dare jikata ta yage shafukan da na rubuta tana lissafi a sauran.

Kwabo ɗaya kawai na rage a aljihun gaba na rigata, na 1959, na bakwai ɗin nan. Likita ta ce bayan aiki zan ga abubuwa tar kamar na ɗan shekara ashirin. Jiya da na fito da shi a bakin taga, da idon hagu, ba gilashi, wutsiyar taran nan ba ta kai ta sauran ba. Na kira amarya ta duba mini, ta ce sai na biya ɗari biyu, kuɗin duba ya tashi.